Ɗan Takara a Kan Shanyar Kwakwa

Ina jiran motar zuwa garin Alappuzha, ga wata tsohuwa a tsallaken titi, ta tattare zanenta na sari zuwa gwiwa, tana juya shanyar zaren ɓawon kwakwa da ƙafa. Da ganin fason dugaduganta ka san shanyar nan ce abincin gidansu. Sai ga hadari daga teku. Ga shi kuwa masu tufka igiya ba sa sayen jiƙaƙƙen zare.

Ita ko a jikinta. Ta jawo tsohuwar ledar kamfe mai hoton ɗan takara, ta lulluɓe shanyar, ta danne da duwatsu. Ruwa ya sauko a kan murmushinsa.

Mai shayi ya ƙwala mata kira: "Iya, ba wannan ne ya faɗi zaɓe ba?"

"Shi ne, ɗan nan. Rumfar shanya ya yi mana alkawari. Ga shi ya cika."