Faifan Ƙarfen da Ya Rufe Mini Fuska

Shekarun baya, gab da yaƙin basasa, ina zaune a unguwar Hausawa ta Inugu ina ƙirar gwangwani. Ina da wani aboki Ibo, haifaffen Kano, injiniya a ma'aikatar tarho. Shi ke kula da eriyoyin kan tsauni, masu harba magana ta iska daga gari zuwa gari.

Wata rana ya ce mini wai eriya ma tana son tabarau, abin da zai tattara mata saƙo kada ya watse. Na Turai masu tumbi ne, ga nauyi, shi kuwa shafaffe yake so. Yana zanawa, ina yanka siraran fallayen ƙarfe ina jerawa, wata da watanni. Shi ya ce tabarau, ni na ce faifai. Dokarsa ɗaya: ba a kwantar da shi, a tsaye ake ɗauka, hannu biyu. Na sha faɗa a kan wannan, har na ce a raina ko jariri bai samu wannan gata ba.

Muna gamawa gari ya rikice. Mutanenmu kowa na neman jirgin ƙasa zuwa Arewa, samarin gari kuma sun tare ƙofar tasha suna duba fuskoki. Ni ga tsagar gado har kunne, ba ta ɓoyuwa.

Da hantsi abokina ya zo da motar aiki. Ya ba ni rigar ma'aikata, ya naɗe faifan da buhu, ya ɗora mini a gaban fuska.

"Maƙeri, ka tuna doka. Kada ka sauke."

Muka sauka daga mota, yana gaba ina biye. A ƙofar tasha wani saurayi ya ce, "Oga, who dey for back?" wato wa ke bayan kayan nan. Abokina ya daka masa tsawa da yarensu, wai kayan gwamnati ne, wanda ya lanƙwasa shi ya shiga uku. Ƙafafuwana kawai ake gani, haka muka wuce.

Da muka shiga tarago na miƙa masa kayansa. Ya leƙa taga, ya girgiza kai.

"In na fita da shi, za su tambaye ni ina mai ɗauka. Tafi da shi."

Ko sau ɗaya bai gwada shi a kan eriya ba. Na yi kuka a jirgin nan, ba zan ɓoye muku ba.

Bayan yaƙi sai ga shi a Kano, ya rame amma da ransa. Muna gama gaisawa ya ce, "Ina tabarauna?" Na ja shi tsakar gida. Mahaifiyata ta shimfiɗa faifan a rana tana shanyar kuɓewa.

Ya dafe kai. "A kwance, Maƙeri? A kwance!"

Muka yi ta dariya har da hawaye, tsohuwa na tambaya laifin me ta yi. Da daddaɗar miyar kuɓewar ta sallame shi.

Yanzu jikokina na kiran duniya da waya a tafin hannu, ni dai har yau ban gane yadda faifai ke tattara magana ba. Abin da na sani, mutum ya ba da aikin da ya fi so don in rayu, bai kuma taɓa yi mini gori ba. Ya rasu da daɗewa. Faifan yana nan a ɗakina, jingine da bango, a tsaye.