Shawarar Da Na Ba Ƙanin Matata

Edita da masu karatu, sallama gare ku. Na daɗe ina karanta wannan shafi ina girgiza kai a kan labaran mutane, ban taɓa zaton nawa zai hau ba. Ba zan ambaci sunan kowa ba, domin wanda na cuta ya rufa mini asiri, bai kamata ni in tona nasa ba.

A lokacin da abin ya faru ni magidanci ne a birnin Alƙahira, ina haya a unguwar Faisal tare da matata da 'ya'yanmu. Karatun kimiyyar sinadarai ne ya kawo ni daga Katsina. Na yi digiri na biyu lafiya lau, na fara na uku ya gagare ni, tun ina cewa baɗi zan gama har na daina faɗa. Na samu aiki a wani ƙaramin ofishin nazarin muhalli a unguwar Dokki, inda nake neman masana idan za a yi wani aiki, in kira su, in shirya musu taro da masauki. Aiki ne mai rufin asiri, amma in na je gida hutu aka tambaye ni, sai in ce bincike nake yi. Mutum ne ni mai son a girmama shi, kuma cikin Hausawan Faisal ana girmama ni, don duk ɗalibin da ya sauka bai san gabas ba bai san yamma ba, gidana ake nuna masa.

Matata 'yar Maraɗi ce, kuma tana da ƙane da ya yi karatun ruwan ƙarƙashin ƙasa. Ni na nema masa gurbin ƙarin karatu a Masar. Ranar da zai taho mahaifinsu ya kira ni a waya, ya ce ga amana nan ya ba ni, ya kuma ce wa yaron a kan kunnena ya ɗauke ni uba a can, kada ya yi gaba ko baya sai da sanina. A al'ada ƙanin mata abokin wasa ne, amma shi bai taɓa cin wannan damar ba. Yaya yake ce mini, ba ya zama in ina tsaye, ko takalmi zai saya sai ya ji ra'ayina. Ni na koya masa shiga ƙananan motocin haya na bakin titi, na koya masa Larabcin kasuwa, na raka shi layin sabunta iƙama, wato takardar izinin zama. Ina jin daɗin hakan ƙwarai, ashe ina jin daɗinsa ne muddin yana bayana.

Sai ga shi ya gama digirin da ya gagare ni. A ranar na yi murna, har na yanka kaji, amma murnar ba ta kai cikina ba. Abin da ya fara sosa mini rai ƙaramin abu ne, abin dariya ma. Mai gadin gidanmu, wani dattijo Bamisire, ya koma in mun sauko tare sai ya gaishe shi da Larabci ya ce masa ya Daktor, ni kuma ya ce mini ya Ustaz kamar yadda ya saba. Ɗaliban da ke zuwa gaishe ni ranar Juma'a suka koma tambayar ko Dakta yana nan tun ba su gama cire takalmi ba. Matata kuwa in ta kira gida, rabin hirar ƙanenta ne. Ba wanda ya raina ni, ni kaɗai nake auna kaina da shi safe da yamma. Hassada ce, a yau na san sunanta, amma a lokacin cewa nake yi yaron ya fara girman kai.

Ana cikin haka ofishinmu ya samu aiki mafi girma tun da na shiga. Akwai wata hanyar haƙo iskar gas da mai wadda ake tura ruwa da yashi da sinadarai da ƙarfi cikin dutsen da ke can ƙarƙashin ƙasa har ya tsattsage, iskar ta samu hanyar fita. An yi rubuce-rubuce da yawa a kanta. Wasu masu bincike na cewa tana iya ɓata ruwan rijiya da iskar da makwabta ke shaƙa, wasu na cewa in an yi aikin da kyau ba a ganin illar. Aka nemi mu haɗa kwamitin masana su zauna su tace waɗannan bincike, su faɗi wanne ya tsaya da ƙafarsa, wanne bai tsaya ba. Shugabar ofishinmu, wata Bamisiriya da muke ce wa Daktora, ta ɗora mini neman mutanen. Na yi ta zagaye-zagaye ina nuna mata cewa ni ma fa na karanci sinadarai. Ta yi murmushi ta ce ma'alish, wato in yi haƙuri, ba ta da wanda zai riƙe mata shirye-shirye in ba ni ba.

Na nemo likitan huhu, na nemo masanin iska, na nemo mai nazarin cututtukan jama'a. Kujerar masanin ruwan ƙarƙashin ƙasa ce ta rage, ana kuma son mai jin Faransanci, don wasu binciken da Faransanci aka rubuta su. Ga mutum a gidana yana cin tuwo a kwano ɗaya da ni, amma na yi ta buga waya ƙasashe kamar ban san shi ba. Wani tsohon malaminsa ne ya ambata wa Daktora shi. Ta kira ni tana dariya, ta ce ashe abin da muke nema yana ɗakina na yi shiru, ta ɗauka kunyar mutanenmu ce ta hana ni gabatar da ɗan'uwana. Na bar ta a kan haka. A raina kuwa abin da nake gani shi ne yaron da na koya wa hawa mota zai zauna a kan teburin masana, ni ina raba musu ruwa da shayi.

Shi kuma wannan kujera ba ta ado ba ce a wurinsa. Iƙamarsa ta ɗalibi ta kusa ƙarewa, in bai samu aikin da zai tsaya masa ba dole ya bar ƙasar, kuma a fanninsu irin wannan kwamiti shi ne ƙofar da ake fara sanin mutum. Duk na san da haka.

Da aka gayyace shi ganawa, bai amsa ba sai da ya zo wurina. Bayan la'asar ne, muna cin abinci, matata tana zuba mana miya. Ya ce ya zo neman izini ne, in na ga bai dace ba zai ba su haƙuri. Sannan ya faɗa mini abin da ke damunsa: tun yana ɗalibi ya taɓa yi wa wani kamfanin haƙar mai wani ɗan gajeren aiki, ya auna musu ruwan wasu rijiyoyi, yana tsoron kada wannan ya hana a ɗauke shi. Ya tambaye ni ko ya faɗa.

A nan nake so masu karatu su fahimci yadda aikin yake. A irin wannan kwamiti, kowane masani sai an tambaye shi baki da baki ko ya taɓa yin hulɗa da kamfanonin da abin ya shafa. Wanda ya ce e ba a korarsa, musamman in aikin ƙarami ne kuma ya daɗe. Ana sanar da sauran ne kawai, a ci gaba. Masanin iskar da na nemo ma ya faɗi nasa, ba abin da ya faru. Wanda ba a yafe wa shi ne wanda ya ɓoye aka gano, domin in aka kama mutum ɗaya da ɓoyo, duk hukuncin kwamitin ya zama abin zargi. Ni na san wannan kamar yadda na san hanyar gidana, shi kuwa bai taɓa shiga irin wannan wuri ba. Na tauna lomar da ke bakina a hankali, na ce masa wannan ai ba aiki ba ne, aikin ɗalibta ne, kada ya tayar da abin da ya kwanta, in an tambaye shi ya ce babu. Ya ce to Yaya, tamam, wato ya yarda. Bai ƙara tambaya ba, don ubansa ya ce kada ya yi mini musu.

Ya je ganawar ya burge su. Daktora ta fito tana yabonsa, ta ce ta samu mutuminta. Bayan 'yan kwanaki muna cikin motarta, cunkoso ya tsayar da mu a kan gada, ta sake ɗauko yabonsa. Sai na taya ta. Na ce ai ba a takarda kaɗai ya san aikin ba, har wani kamfanin mai ya taɓa auna wa ruwan rijiyoyi. Na faɗe shi da fara'a, kamar mai alfahari da ƙanensa. Na ga hannunta ya tsaya a kan sitiyari. Ta tambaye ni ko na tabbata, na ce na ɗauka ya faɗa musu.

Washegari ta kira shi ofis, ta kuma ce in zauna, tunda ni ne mai shirye-shirye. Ta tambaye shi, ya amsa cewa gaskiya ne. Ta ce aikin kansa ba komai ba ne, da ya faɗa da yanzu an wuce wurin, abin da take so ta sani shi ne me ya sa ya ce babu. Na san kalma ɗaya zai faɗa in tashi ba aiki ba mutunci. Ya ɗago ya dube ni sau ɗaya, ba da fushi ba, kallon wanda ya gane abu. Sannan ya sunkuyar da kai ya ce kuskurensa ne, shi ya ga abin ƙarami ne. Ta sake tambaya ko wani ya ba shi shawara, ya ce a'a. Ta ce khalas, wato magana ta ƙare, ba za ta iya sa shi a kwamitin ba, kuma dole ta gaya wa malamin da ya kawo sunansa dalili. Da ya fita har haƙuri ta ba ni, wai ta san abin zai yi mini zafi.

Na zaci zan ji sanyi a raina, ban ji ba. Ya ci gaba da gaishe ni da safe, yana ɗaukar mini kaya in mun haɗu a matakala, amma ya daina tambayata komai. Ya nemi aiki nan da can bai samu ba, don masu wannan fanni ba su da yawa, kuma maganar ta riga shi isa. Iƙama ta ƙare, ya haɗa littattafansa. Kujerarsa kuwa aka ba wani da ba ya jin Faransanci, aka riƙa aika waɗancan binciken wurin masu fassara, ni ke kaiwa ni ke karɓowa. Na raba ruwa da shayin da nake gudu, ga wani baƙo.

Ni na raka shi filin jirgi. A hanya na yi ta surutu kan cunkoso da zafin gari don kada a yi shiru. Da muka sauke kaya ya riƙe hannuna da hannu biyu kamar yadda ya saba, ya yi mini godiyar riƙo, ya ce in yafe masa abin da ya yi mini a zamanmu. Har ya juya, sai ya dawo ya yi magana a hankali.

"Yaya, izini fa na zo nema ran nan. Da ka ce in janye, wallahi da na janye."

Ya juya ya shige, bai jira amsata ba.

Wannan magana ita ce ta hana ni sakat har yau. Abin da na bi ta bayan gida na ƙwace, a hannu ya kawo mini shi. Da na buɗe baki na ce ba na so, da ya bar kujerar da sunansa a wanke, ya nemi wata. Amma faɗin haka yana nufin in yarda a gabansa cewa ina jin zafin ci gabansa, ni kuwa na gwammace ya zama maƙaryaci a idon mutane da in zama mai hassada a idonsa. Ga shi na zama ɗin, ya kuma sani.

Matata ba ta taɓa yi mini maganar ba, amma ita ce ke zuba miya ranar da na ba da shawarar, kuma ba kurma ba ce. Ba ta fasa yi mini komai ba. Sai dai in ƙanenta ya kira, takan ɗauki wayar ta fita baranda ta ja ƙofa, in ta dawo in tambaya ta ce yana lafiya, shi ke nan. A bakin wani ɗalibi na ji cewa yana koyarwa a wata makaranta a can gida, ya kuma yi aure. Mahaifinsu har ya rasu yana sa mini albarka a waya kan yadda na riƙe amana, kowace albarka kuwa sai in ji ta kamar an ɗora mini dutse. Daga baya na je na faɗa wa Daktora gaskiya. Ta rubuta wa malaminsa ta wanke shi, ta kuma daina ba ni neman masana, amma kwamitin ya riga ya gama aikinsa ya watse.

Abin da na koya shi ne hassada ba ta zuwa da sunanta. Tawa ta zo mini ne a matsayin shawara, da muryar babban wa mai son ƙanensa da alheri. Ina roƙon duk wanda aka damƙa wa ɗan wani a baƙuwar ƙasa, ya sani cewa wata rana yaron zai iya wuce shi, kuma don haka ɗin aka kawo shi. In na ƙasa da kai ya zo neman shawara ka ji ƙirjinka ya yi nauyi, kada ka ba shi a ranar, ka tura shi wurin wani. Ku kuma ƙanne, ku yi biyayya, amma in an tambaye ku gaskiya ku faɗe ta ko wa ya ce ku ɓoye. Ni dai har yanzu ina Faisal, mai gadi yana ce mini ya Ustaz, wani lokaci kuma ya tambaye ni yaushe Daktor zai dawo.