Ɗantani Mai Gyaran Keke da Ƙwallon Unguwar Kwari

Ɗantani yana da shekara ashirin aka taso su daga tsohon garinsu, saboda ruwan dam ɗin Tiga zai cinye shi. Aka zuba su a Unguwar Kwari, a ƙasar Bebeji, tare da mutanen wasu ƙauyuka, manoma da Fulani, ba wanda ya san wani. Ɗantani ya kafa rumfar gyaran keke a bakin hanya.

Wata rana ya je Kiru sayen kayan aiki, ya ga samari suna buga ƙwallo a filin firamare. Ya roƙi wata tsohuwar ƙwallo da suka yar don ta fashe, ya kawo ta gida ya yi mata faci kamar tayar keke, ya ba ta iska da famfo. Su bakwai suka fara, ƙafa ba takalmi, raga kuwa itatuwan darbejiya ne aka kafa a wani fili kusa da ruwa.

Mai tsaron gida ne ya gagara samuwa. Akwai wani saurayi, Hamma ɗan Arɗo, da kan tsaya da sandarsa yana kallo idan ya kawo shanu shan ruwa. Ran nan ƙwallo ta nufo fuskarsa da ƙarfi, ya cafe ta da hannu ɗaya.

"Kai Hamma, ajiye sandar nan ka shigo," in ji Ɗantani.

"Shanun fa?"

"Ba inda za su, ruwa suke sha."

Daga nan sauran samarin ruga suka biyo shi. Bayan shekara uku mutanen Kiru suka gayyace su wasa. Suwaiba, matar Ɗantani, ta rina musu singileti da shuni, suka tafi a kan kekuna, bibbiyu. Sun ci 'yan Kiru ɗaya da nema, Hamma kuma ya kama fenariti ana dab da tashi. Da suka dawo har dattawa sun fito bakin hanya.

Saura mako guda 'yan Kiru su zo ramuwa, wata karsana ta maƙale a cikin ruwa. Hamma ya shiga fito da ita. Karsanar ta fito, shi bai fito ba. Ɗantani yana cikin kwalekwalen masuntan da suka gano gawarsa washegari da hantsi.

Bayan jana'iza ya je ya tuge itatuwan raga, ya daina maganar ƙwallo. Sai da aka yi sadakar arba'in Arɗo ya zo rumfarsa, suka gaisa, ya zauna a kan benci.

"Ɗantani, me ya sa ka tuge itatuwan nan?"

"Baffa, ba na iya kallon wurin."

"Ni da na haife shi kullum ina bi ta bakin ruwan," Arɗo ya ce. "Ban taɓa jin yaron nan yana dariya kamar ranar da kuka dawo daga Kiru ba. Ka mayar da su."

Ɗantani ya mayar da su a ranar, amma bai ƙara buga ƙwallo ba. Shi ne mai horarwa, shi ne alƙalin wasa, shi ne mai raba faɗa, fiye da shekara talatin. A hannunsa ƙungiyar ta fara zuwa Tudun Wada da Doguwa.

Da idonsa ya mutu, mijin 'yarsa Bahijja kan ɗauko shi a babur, a shimfiɗa masa tabarma a gefen fili, yana bin wasa da kunne. Wasan ƙarshe da ya halarta an ci su biyu, ya kira kyaftin ya ce masu tsaron baya sun cika surutu. Ya rasu bara da damina, ranar Talata. Allah ya jiƙansa.