Tabon Nomau

Nomau ya baro Tawa da ƙarfinsa, ya tsufa yana tura kura a kasuwar Wadata. Tabon da ke kumatunsa kwanon rufi ne ya yanke shi. Ba wanda ya taɓa kula da shi, sai da tele, wato talabijin, ta fara nuna fim ɗin wani uban 'yan daba mai irin tabon nan sak.

Shi ke nan Nomau ya rasa sakat. Samarin teloli sukan ɗaga masa hannu: "Sai maigida! Jiya ka wahalar da 'yan sanda!" Iklima mai tuwo kuma takan sauke haushinta a kansa: "Baba, mai kama da kai ɗin nan ba ya tsoron Allah." Shi kuwa ko tele ba shi da ita.

Ran nan kurarsa ta faɗa kwata da buhunan shinkafa. Masu yabon uban dabar da masu tsine masa suka kewaye shi, gardama ta kaure.

Nomau ya share gumi, ya ce, "Na ji an ce wancan yaransa ke masa aiki. Cikinku wa zai kama wa maigida?"

Nan take kowa ya tuna yana da abin yi.