Cinikin Fasfo da Tsohuwar Birinya

Mun tashi da asuba daga masaukinmu na Guangzhou a ƙasar Sin, mu uku: ni, da wani ɗan Maraɗi da ya san hanya, da Alhajin da nake bi kasuwa tun ina sabon shiga. Kayanmu sun tafi kago, jirginmu sai washegari, ga yini guda a banza. Ɗan Maraɗin ya ce akwai wani dutse mai kurmi nesa da gari, inda birai ke yawo ba keji. Na ce mu je, na gaji da kallon dilolin kaya.

Bari in gaya muku halin Alhaji tukuna. A kasuwar Shisanhang an san shi da dabara ɗaya. In farashi bai yi masa ba, sai ya ajiye kaya ya juya baya, ba waiwaye. Kafin ya kai ƙofa za ka ji mai shago na kira, "Lawban, lawban!" wato maigida. Ban taɓa ganin dabarar nan ta ƙi ci ba.

Bas muka shiga. Dogayen benaye suka ƙare, gonakin ayaba suka karɓa. A tasha muka karya da dafaffiyar masara da ƙwai, don ba mu yarda da romon da ba mu ga yankansa ba. A ƙofar dajin wata mata mai gadi ta yi mana gargaɗi ta wayar fassara: kada mu kalli biran cikin ido, kada mu yi musu murmushi, don buɗe haƙora ba gaisuwa ba ce a wurinsu.

Muna shiga rana ta ɓace. Itatuwan sun haɗe a sama, ruwa na ɗiga daga ganye ba tare da ana ruwa ba. Na zaci za mu ji hayaniya irin ta biran gona. Shiru. Sai da idona ya saba da duhun na gane tun ɗazu suna nan, a jere bisa rassa, jajayen fuska, guntayen wutsiya, kumatu cike da abincin da suka ɓoye. Wasu na tsinkar gashin juna, amma idanunsu na kanmu.

Duk baƙon da ya zauna Guangzhou yana da ɗabi'ar shafa aljihun fasfo, bini-bini, ba tare da ya sani ba. Ashe biran hannayenmu suke kallo. Alhaji ya ciro nasa ya duba ko damshi ya taɓa shi, sai wata tsohuwar birinya mai furfura a haɓa ta diro ta fizge. Ba ta gudu ba. Ta hau wani dutse a gabanmu ta zauna, sauran suka matsa mata.

Ba fasfo, ba jirgi gobe, kuma bizarsa saura kwana kaɗan. Ɗan Maraɗin ya ce a hankali, "Alhaji, musaya take so. Haka suke yi wa baƙi."

Aka miƙa mata ayaba, ta kau da kai. Aka miƙa gyaɗa, ko kallo. Sai ta buɗe fasfon, ta dubi hoton, ta ɗago ta dubi mai shi. Alhaji ya gyara hula, ya juya baya ya kama hanya, kamar a Shisanhang. Ba wanda ya kira shi. Abin da muka ji kawai ƙarar takarda ce. Ta kama gefen shafin ƙarshe tana yagewa kaɗan-kaɗan, ba gaggawa, idonta a kan ƙeyarsa.

Ranar na fara ganin Alhaji ya waiwayo. Ya dawo ya durƙusa, ya zazzage aljihunsa kaf a ƙasa. Ta tsallake komai, ta sa hannu kan wani jiƙaƙƙen ƙyalle. Goronsa ne na ƙarshe da ya riƙo daga gida, wanda ko ni ya hana ɓari. Ta shinshina, ta cusa goron a kumatu, sannan ta ajiye fasfon a kan dutsen ta tura shi da yatsa. Har muka fita ba biri ɗaya da ya yi kuka.

A bas muka duba fasfon. Shafin biza bai taɓu ba, alhamdulillahi, kuma washegari muka tashi, muka sauka Kano lafiya.

Abin da na koyo shi ne, juya baya na yi wa mutum aiki ne kawai in zai iya rayuwa ba tare da abin ba, kuma akwai mai kallon hannunka ya san wanne ne ba za ka iya rabuwa da shi ba. Makon jiya na leƙa shagon Alhaji a kasuwar Kwari. Wani mai saye ya taya shadda, ya ajiye, ya juya baya. Da can Alhaji zai kira shi da dariya. Wannan karon bai kira shi ba, ya zauna, shaddar a cinyarsa, yatsunsa biyu riƙe da gefenta, idonsa a kan ƙeyar mutumin. Mutumin ya dawo da kansa. Ni kuwa na yi sallama na fita, ban tsaya shan shayi ba.