Jan-baki a kejin kanari

Shekarar da na koma Kura da zama na sayi ɗan kanari wanda bai gama koyon kuka ba. Ƙaramin kanari abin da kunnensa ya ji yake ɗauka, in kuma ya riƙe ba ya saki. Shi ya sa kowace safiya nake kunna masa kaset na wani tsohon kanari. Burina in kai shi gindin mangwaron bakin kanal ɗin ruwan noman rani, inda masu kiwo ke rataye kejinsu ranar Juma'a a saurari na kowa.

Wanda tsuntsunsa ke kan gaba a wurin taubashina ne, ɗan kawuna, katanga ɗaya ta raba gidajenmu. Wata rana ya shigo da jan-baki biyu, irin ƙananan tsuntsayen da ke yi wa shinkafa ɓarna, ya ce a gonarsa raga ta kama su.

"Bawana, ga 'yan rakiya na kawo wa marayan nan naka. Tsuntsu shi kaɗai ba ya cin abinci."

"Yaushe ka fara tausayin abin da ba naka ba?"

"Karɓi dai, ɗan birni. Mu da muka tsufa a harkar muke gaya maka."

Na zuba su keji ɗaya da kanarina. Ba su yi faɗa ba, kanarin ma ya ƙara cin gero. Amma kafin a yanke shinkafa na fara jin wani abu. Yakan ja kukansa tiryan-tiryan kamar na kaset, sai a tsakiya ya katse da tsuwar jan-baki. Na kuma lura taubashin nawa ya yawaita leƙowa da safe. Ba ya kallon tsuntsun, kai yake karkatawa. Nasa kanarin kuwa shi kaɗai yake a kejinsa, ban taɓa ganin an yi masa ɗan rakiya ba.

Ban tambaye shi ba, don na san dariya zai mayar da maganar. Na sayi wani keji na ware jan-bakin, na buga ƙusa a saman katangar, daidai inda yake rataye nasa ta ɗaya gefen, na rataye kejin a nan. Na sa musu gero da ruwa, na zauna.

Ba a jima ba na ji takunsa, na ji ya sauke kejinsa ya yi cikin ɗaki da shi.

Na ɗaga murya na ce, "Taubashi, ina za ka da shi? Ai rakiya na kawo masa."

"Rana ce ta yi yawa a nan," in ji shi.

Gefen nasa inuwa ce har azahar.

Kanarina ya yi shekaru a hannuna, da tsuwar a tsakiyar kukansa. Ban taɓa kai shi gindin mangwaro ba.