Bawa Ba Ya Waiwaye

Duk allon shagon da ka gani a bakin titin Kalgo, rubutunsa a miƙe kamar an ja zare, aikin Bawa ne. Shagona na maganin gona yana jikin nasa, don haka a idona rawar hannu ta kama shi. Da fari burushi ne ke kuɓuce masa. Daga baya ko kofin shayi ya ɗauka, rabi a rigarsa yake ƙarewa. Na tausaya masa ƙwarai, domin mutum ne da bai iya zaman banza ba.

Mufida, 'yar ƙanwarsa mai karatun kwamfuta, ita ta zo da dabara. Ta maƙala 'yar kyamara a saman kwamfuta, mai bin motsin kai. In ya karkata, kibiyar da ke kan gilashin kwamfutar ta bi shi. In ya tsaya cak, ta danna. Da haka ya koma tsara alluna da katin biki, ana kaiwa Birnin Kebbi a buga. Na ce masa ya zama ƙadangare, aiki sai gyaɗa kai. Ya yi dariyar da na daɗe ban ji ba.

Sai dai in yana tsakiyar jan layi ya waiwaya, aikin ya ɓaci. A wajenmu kuwa, ka amsa sallamar babba kana ba shi ƙeya, gara ma ka yi shiru.

Wata ranar kasuwa Kawu Abu ya zo daga Gwandu. Shi ya riƙe Bawa tun rasuwar mahaifinsa, shi ya kai shi koyon zane. Ya yi sallama a bakin ƙofa. Bawa ya amsa da murna, amma wuya a sandare, yana son ya kai ƙarshen layi. Kafin ya kai, tsoho ya juya.

"Yaron ga da na riƙa tun shina rarrafe, yau ni za shi ba ƙeya?" ya ce da ni, ya nufi tasha.

Bawa ya bi shi har Gwandu ban haƙuri, aka amsa masa da kyar. Da ya dawo sai ya lulluɓe kwamfutar da tsohon zane, ya ce sana'ar da za ta raba shi da Kawu ya yafe ta. Ya koma zaman benci, hannuwa na rawa a cinya. Haushin su biyun ya ishe ni.

Mufida ce ta lallabo tsohon ya dawo Kalgo, ta zaunar da shi gaban kyamarar, ta ce ya ja layi ɗaya da kai. Ya fara ke nan na rangaɗa sallama daga baya. Ya waiwayo, layi ya yi daji. Ya daɗe yana kallon ɓarnar.

Kasuwa ta zagayo, Bawa na kan aiki, sai ga Kawu. Bai tsaya a ƙofa ba. Ya zagaya bayan kwamfutar, ya dafa gwiwa ya rusuna har fuskarsa ta zo daidai da ta Bawa.

"Kak ka motsa, ɗana. Ina kwana?"

Bawa bai motsa ba. Layin ya tafi sambal, hawaye na sauka a gemunsa. Kawu ya kama hannun rigarsa ya share masa.